Bashin da Ke Kan Mai Yawon Buɗe Ido

Bahaushe ya daɗe da sanin tafiya. Ya san fatauci zuwa Gwanja neman goro, ya san ci-rani, ya san almajiranci a gabas, ya san tafiyar Makka a ƙafa wadda kan cinye shekaru. Kowace daga cikin waɗannan tafiye-tafiye tana da abin da ake zuwa nema, saboda haka idan matafiyi ya sauka a gari aka tambaye shi abin da ke tafe da shi, yana da amsa a bakinsa. Daga baya ne wata irin tafiya ta shigo mana wadda ba a neman komai a cikinta sai gani da ɗanɗano, ita ce muke kira yawon buɗe ido. Matasan Turai sun mayar da ita kamar wani mataki na shiga girma. Saurayi zai goya jaka a baya, ya hau jirgin ƙasa, ya yi kwana uku a Budafes, babban birnin Hangari, ya ɗauki hoto a bakin Kogin Danub, ya sha farfesun naman da ƙasar ta yi suna da shi, ya zarce Furag ya taka tsohuwar gadar da aka fara ginawa a 1357, sannan ya koma gida da labari. Tsararrakina ma sun kama hanyar. Wanda ya sami hali ya tafi Dubai, wanda bai samu ba ya je Yankari ko ya hau Dutsen Dala, kowa da waya a hannu, ana ɗaukar hoton akushi kafin a sa hannu a ciki.

Ban ga aibin wannan a kan kansa ba, domin gani ya kori ji, kuma wanda bai taɓa fita garinsu ba yakan ɗauka tuwon gidansu ne iyakar tuwo. Tambayar da ta dame ni ita ce: idan mai yawon buɗe ido ya biya kuɗin mota, ya biya kuɗin abinci, bai zagi kowa ba, bai taɓa kayan kowa ba, shin akwai sauran wani haƙƙi da garin da ya ziyarta ke binsa? Yawancin abokaina cewa suke yi babu, ciniki ya faɗa, kowa ya kama gabansa. Ni kuwa ina ganin akwai bashin da kuɗi ba ya biya, kuma abin da na gani a ƙananan hukumomi uku na arewacin Jihar Kaduna, wato Kudan da Makarfi da Ikara, shi ya kai ni ga wannan ra'ayi.

Na zagaya su ne cikin kwana tara, a ƙarshen hunturun shekarar da na gama bautar ƙasa, da jaka ɗaya a baya. Na tashi daga Zariya na sauka Hunkuyi, hedikwatar Kudan, na shiga ƙauyukan fadama a kan babur, na fito babbar hanyar Zariya zuwa Kano na sauka Tashar Yari, na shiga Makarfi, na ƙare da Ikara can gabas. Duk ƙasar Zazzau ce, harshenmu ɗaya, tuwonmu ɗaya. Babu gidan tarihi mai tikiti, babu mai yi wa baƙi jagora don a biya shi. Wannan ne ma ya sa tambayar ta fi fitowa fili a can fiye da yadda za ta fito a Furag, domin a garuruwan nan babu abin da aka tanada saboda ɗan kallo. Duk abin da ido zai sauka a kai rayuwar wani ce da sana'arsa.

Abin da ido ke ɗauka

A wani ƙauye da ke gefen fadama a ƙasar Kudan na tarar da masu yin mazarƙwaila. Tun daga nesa hayaƙi da ƙamshin zaƙi ke sanar da mutum. An kafa injin matse rake a fili, doki na zagayawa yana jan dogon itacen da ke juya shi, wani yaro na tura sandunan rake cikin bakin ƙarfen, ruwan na tsiyaya cikin garwa. Gefe guda an girka manyan kasake a kan murhun da aka haƙa a ƙasa, ana hura wutar da busasshen ɓawon raken da aka riga aka matse. Ruwan zai yi ta tafasa ana kwashe kumfa, har ya yi kauri ya yi ja, sannan a zuba shi a ƙananan kwanoni ya daskare. Ga ido abin sha'awa ne ƙwarai: hazon hunturu ya gauraya da hayaƙi, doki na ta kewayawa, kwanonin a jere kamar an zana su. Amma ido ba ya ganin cewa mai juya kaskon tun asuba yake tsaye a kan wutar. Ba ya ganin watannin da raken ya yi a fadama ana ba shi ruwa da taki, ba ya kuma ganin bashin takin da ake jira a sayar da mazarƙwailar a biya.

Misalin da ya fi wannan tsanani a hanyar Ikara na same shi. Duk wanda ya bi ƙasar lokacin da tumatirin rani ya nuna zai ga filaye sun yi jawur, an tsaga tumatir an shanya a ƙasa kamar an shimfiɗa darduma har inda ido ya tsaya. Ban ga abin da ya fi shi kyau ba a duk tafiyar. A gabana wata mota ta tsaya, samari da 'yan mata na birni suka fito suka yi ta ɗaukar hoto, har da masu shiga tsakiyar shanyar su yi tsayuwar 'yan fim, matan da ke aikin tsagawa suna kallonsu ba su ce uffan ba. Wanda ya san ƙasar kuwa ya san ma'anar wannan ja. Galibi manomi ba ya shanya ɗanyen tumatirinsa alhali kasuwa na nemansa. Yana mayar da shi kauɗa ne idan kaya sun yi yawa, motocin Legas sun cika sun tafi, farashin kwando ya faɗi har bai kai wahalar ɗauko shi daga gona ba. Masana'antar sarrafa tumatir da gwamnatin jiha ta gina a Ikara a farkon shekarun 1980 domin ta riƙa kwashe irin wannan rara ta shafe shekaru masu yawa a rufe. Wata shekarar kuma rashi ne ke zuwa maimakon yawa: a 2016 ƙwaron da manoma ke kira sharon ya cinye gonakin tumatir har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin. Mutanen da suka sha duk wannan su ne ke zaune gefen shanyar, kuma hoton da 'yan birnin suka tafi da shi suna murna hoton asararsu ne.

Saboda ido ba ya taɓa abu, mun saba ɗaukarsa mara laifi. Amma yana da wata ɗabi'a, wato yanke abu daga sababinsa. Yana ɗaukar launi ya bar dalili, ya ɗauki hayaƙi ya bar zafin wutar. Magabatanmu ba su yarda kallo banza ne ba. Sun ce ido guba, kuma cikin abin da mutum ya fi ƙi har da a mayar da shi abin kallo. Dubi yadda ake gina gidan Bahaushe: ƙofar zaure da ta shigifa ba sa kallon juna, domin kada idon mai wucewa ya zarce tsakar gida kai tsaye. Al'ummar da ta karkata ginin gidanta saboda ido ta riga ta yanke hukunci cewa kallo yana da haddi, kuma akwai wanda ya kamata a nemi izininsa kafin a kalla.

Nauyin kalmar ci

Idan kallo na da nauyi, to na ci ya fi. Harshenmu ya ɗora wa wannan 'yar kalma abin da ya wuce tauna da haɗiya. Ana cin tuwo, ana kuma cin amana, da cin mutunci, da cin zarafi, da cin zali, da cin bashi. Mayaƙi idan ya rinjayi gari cewa ake yi ya ci garin. Haka ma sha: ana shan rake, ana shan rana, ana shan wuya. A kasuwar Makarfi, inda dammunan rake ke tsaye kamar daji ana loda wa manyan motoci zuwa garuruwa masu nisa, na ga masu sha iri biyu a wuri guda. Ga mu a inuwa an fere mana sanda muna tsotsar zaƙi, ga kuma 'yan dako suna hawa katako da dami a kafaɗa, rana na dukansu. Ba na cewa harshe hujja ne a falsafa, amma idan kalma ɗaya ta ɗauki ƙoshi ta kuma ɗauki ha'inci, to masu harshen sun lura da wani abu: ci shi ne ka mayar da abin wani ya zama jikinka, kuma halaccinsa ya rataya ne a kan abin da ke tsakaninka da mai abin. Shi ya sa ƙin sa hannu a kwanon mutum ke nuna akwai 'yar tsama, shi ya sa kuma aka ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

Magariba ta riske ni wata rana a wani ƙauye tsakanin Makarfi da Ikara, babu motar da za ta ci gaba. Bayan sallah wani dattijo ya tambaye ni daga ina, ya ja ni zaurensa ya sa aka shimfiɗa tabarma. Ba a jima ba yaro ya fito da tuwon masara da miyar busasshiyar kuɓewa. Da safe aka kawo koko, kafin in tafi kuma sai ga faten tsaki da yakuwa, wanda Kanawa ke yi mana tsiya a kansa alhali in sun samu ba sa ragawa. Da na nemi in bar wani abu saboda yara, sai dattijon ya ɗaga hannu ya ce, "Ɗana, a nan ba a sayar wa baƙo tuwo. In ka isa gida ka gaida mahaifinka, ka ce masa ka kwana cikin mutane." Na ce, "Baba, Allah Ya saka da alheri," na kama hanya.

Wannan karamci ba daga sama ya faɗo ba. Addini ya sanya liyafar baƙo ta kwana uku, ya kuma sa matafiyin da guzurinsa ya yanke cikin mutum takwas da ake bai wa zakka. Al'ada ta gina zaure a bakin kowane gida don a sami inda za a sauke wanda dare ya yi wa. Amma tsarin ya ɗore ne saboda baƙin da suka saba amfana da shi ba hannu rabbana suke zuwa ba. Falke na zuwa da gishiri da kanwa da labarin hanya. Almajiri na zuwa da karatu da addu'a. Ɗan ci-rani na zuwa da ƙarfinsa. Mai masaukin ma ya san gobe shi ko ɗansa zai zama baƙo a wani garin. Mai yawon buɗe ido ne baƙo na farko da ke isowa ba shi da komai sai ido da marmari, ya tarar da tabarmar da aka shimfiɗa wa waɗancan ya zauna a kai. Idan duk baƙin da ke zuwa irinsa ne, masu ci su tashi su kaɗe riga, ba za a daɗe ba a kulle zaure.

Abin da za a iya cewa

Mai musu zai ce wannan kyauta ce, kuma kowa ya yarda kyauta na jawo godiya. To abin da aka saya da kuɗi fa? Wainar da na biya, da nonon da na biya, da raken da na biya, wane bashi ya rage a kansu?

Amsata ta farko ita ce farashi ba kullum yake faɗin gaskiyar wahala ba, musamman a kan kayan da ba sa kwana. Mai tumatir da mai nono da mai waina suna ciniki ne rana na tafiya a kansu. Mai saye na iya juya baya ya tafi, su kuwa in yamma ta yi kayan sun zama asara. Farashin da aka tsayar a irin wannan hali tsoron lalacewa ne ya tsayar da shi, ko da bakin mai kaya ya ce ya sallama. Kowa ya san irin mutumin da ba ya neman ragin ko sisi a babban kanti a Kaduna, amma da ya tsaya gaban Bafulatana mai nono sai ya tuna ya iya ciniki, ya taya ƙasa, ya koma gida yana alfahari da arhar ƙauye. Shari'a ba za ta kama shi ba, amma ya ci wani abu da ya wuce nono.

Ta biyu kuma, yawancin abin da matafiyi ke mora babu wanda ya sa masa kuɗi. Wanda ya nuna masa hanya bai karɓi komai ba, haka wanda ya cika butar masallaci, da wanda ya dasa bishiyar da ya sha inuwarta, da mutanen da zaman lafiyarsu ya sa ya yi barci da jakarsa a gefe bai farka ya tarar babu ba. Kuɗin waina na mai waina ne. Garin da ya sa cin wainar ya yiwu cikin kwanciyar hankali bai karɓi komai ba.

Musu na biyu ya fi wannan ƙarfi, kuma na yarda da rabinsa. Za a ce mutanen Makarfi ba su nemi tausayin kowa ba, ciniki suke nema, kuma baƙon da ya zo yana tsuke fuska yana ƙirga wahalarsu ya fi mai ɗaukar hoto gundura. Gaskiya ne. Rake ya gina gidaje ya kai mutane Makka. A 'yan shekarun nan manoman Kudan sun shiga noman inabi har ana labarinsu a jaridu. Makarfi na da kwalejin kimiyyar lafiya mai ɗauke da sunan Sarkin Zazzau Shehu Idris, ta kuma fitar da gwamnan da ya mulki jihar daga 1999 zuwa 2007. Wanda ya zagaya ƙasar nan bai ga komai ba sai talauci makantarsa ɗaya da ta wanda bai ga komai ba sai kyau. Tausayin da ba a nema ba shi ma wani nau'in kallo ne, yana tsayar da mutum can nesa ya mai da shi misali. Saboda haka bashin da nake magana a kai ba na tausayi ba ne.

Rabin da ban yarda da shi ba shi ne cewa zuwan baƙi riba ce zalla. Gari yakan koma kamannin abin da baƙinsa ke biya. A Furag akwai wani burodi mai sukari da ake naɗewa a jikin sanda a gasa, ana sayar wa baƙi a matsayin tsohon abincin birnin, alhali 'yan garin da dama na cewa ba su taso sun gan shi ba, kasuwar baƙi ce ta yaɗa shi. Shi kuwa farfesun Hangari, sunansa daga kalmar makiyayin shanu ya samo asali, domin abincin makiyaya ne da suke dafawa a daji, amma kaɗan ne cikin masu layin shansa suka damu su sani. Inda baƙi ke biyan siffa ba sa tambayar asali, sai a riƙa ƙera musu siffa. Yau dokin Kudan na zagaya injin ne don a sami mazarƙwaila. Ranar da zai riƙa zagayawa don a ɗauke shi hoto, sana'a ta zama wasan kwaikwayo, masu ita sun zama 'yan wasa a gonarsu. Tun da idon baƙo na iya sāke gari haka, ba zai ce ba ruwansa ba.

Yadda ake biya

Ina ganin bashin kashi uku ne, kuma babu wanda ya fi ƙarfin ɗalibi mai jaka ɗaya.

Na farko sallama da tambaya. Sallama ita ke raba baƙo da ɗan leƙe, tambaya kuma ita ke mayar da abin kallo ya koma mutum. Da na tambayi mai juya kaskon nan yadda yake gane ruwan rake ya isa saukewa, sai ya ɗigo kaɗan a ruwan sanyi ya murza da yatsa, ya nuna mini bambancin wanda ya yi da wanda bai yi ba, ya kuma yi mini bayanin abin da ke sa wata mazarƙwailar ta yi baƙi wata ta yi haske. A wannan lokaci shi ne malami ni ne ɗalibi, kuma haka ya kamata tsayuwar ta kasance, domin shi ne mai sani. Matambayi ba ya ɓata, ba ya kuma ɗaukar shanyar asara a matsayin ado.

Na biyu adalci a hannu. Kada matafiyi ya mayar da tsoron lalacewar kayan wani ya zama ribarsa. Ya taya da mutunci, in an faɗi kuɗin da ya san bai kai wahalar ba ya biya ba tare da ja ba. Kada kuma ya ɗaga waya a kan fuskar kowa, balle matan aure a bakin aikinsu, sai ya nemi izini ya kuma shirya karɓar a'a. Fuskar mutum ba ta cikin abin da ya kasa a tire.

Na uku, wanda ya fi sauran daɗewa, shi ne gaskiya a labari. A 1352 Ibn Baɗuɗa ya ƙetare Sahara ya isa Walata, a bakin daular Mali. Aka yi masa liyafa da dakakken gero da aka dama da zuma da madara a ƙwarya, abin da ba shi da nisa da furarmu. Ya raina abincin, ya raina masu shi, ya kuma sa aka rubuta hakan a littafin tafiyarsa. Adalcin da za a yi masa shi ne a gaba ya yaba wa mutanen Mali da tsaron hanya da ƙin zalunci da kiyaye sallah. Duk da haka, fiye da shekara 670 ke nan ana karanta hukuncin da ya yanke wa waccan ƙwarya, waɗanda suka miƙa masa ita kuwa ba su da bakin mayar da martani. Matafiyi na da wannan iko a kan masu masaukinsa: shi ke tafiya da labarin, su suna nan inda ya bar su.

Muna da namu misalan na yadda ake riƙe wannan iko. Dorugu, yaron nan Bahaushe da ya bi Bature Barth, wanda ake kira Abdulkarim, zuwa Ingila a 1855, ya ba da labarin tafiyarsa da Hausa wani malamin mishan mai suna Schön ya rubuta. Ya tarar da abinci da tsarin zaman ci irin wanda bai taɓa gani ba, ya bayyana su dalla-dalla da idon mai son ya gane. Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 cikin ayarin 'yan jaridar Afirka ta Yamma, ya dawo ya rubuta littafin da ya sa wa suna Tafiya Mabuɗin Ilmi. Dukkansu sun ɗauki abin da suka gani a matsayin amanar da za su isar wa na gida. A zamaninsu mutum ɗaya cikin dubbai ke da alƙalamin yin haka. Yau alƙalamin na aljihun kowa. Kafin ƙurar motar 'yan birnin nan ta kwanta a hanyar Ikara, hotonsu ya riga ya shiga Facebook da TikTok, ɗaruruwan mutanen da ba su taɓa taka ƙasar ba sun riga sun ƙulla ra'ayi a kanta. Wanda ya rubuta ƙasa da hoton cewa ga albarkar noma ya yi ƙarya da rabin gaskiya, haka ma wanda ya rubuta ga halin da ƙauyawa ke ciki. Dattijon da ya ƙi karɓar kuɗina bai ce ba ya bina komai ba. Ya faɗi abin da yake so a biya shi da shi, wato in je in faɗi cewa na kwana cikin mutane.

Wani abin lura shi ne yawancin abin da muke kira abincin gargajiyar ƙasar nan shi ma baƙo ne. Tumatir da attarugu da masara daga nahiyar Amurka suka fito, barkonon da ke ja farfesun Hangari ma daga can ya zo, rake kuwa daga gabashin duniya. Sun zama 'yan gida ne saboda sun zauna sun ciyar da gidan, har yau babu mai tambayarsu asali. Mai yawon buɗe ido ba zai zauna ba, kuma ba a nemi ya zauna ba. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, amma raɓa duk gajartar zamanta ba ta barin ganye yadda ta same shi.

Saboda haka ina kira ga tsararrakina da su yi tafiya, su fara da garuruwan da ke bayan gidansu kafin su yi mafarkin Kogin Danub, domin wanda bai koyi ladabin baƙunta a Hunkuyi ba, fasfo ba zai koya masa a Budafes ba. Su ci su sha, su ɗauki hoton inda aka yarje musu. Idan sun dawo za su rubuta labari, akwai ma'auni mai sauƙi da kowa zai iya gwada kansa da shi kafin ya saki rubutun: ya tambayi zuciyarsa ko zai iya komawa zauren da aka ba shi tuwo, ya zauna a kan tabarmar, ya karanta wa mai gidan abin da ya rubuta da ƙarfi, a gaban 'ya'yansa da maƙwabtansa. In zai iya, ya sauke abin da ke kansa. In ba zai iya ba, to har yanzu garin na binsa.